Gishiri ya cinye min ril cikin sati uku, me zan saya da ɗan abin da ya rage?

Assalamu alaikum. Ni mutumin Yawuri ne, a bakin Kwara na tashi, tun ina yaro nake fatsa. Yanzu aiki ya kawo ni Legas, ina zaune wajen Ajah. Na sayi kayak na hannu, irin ƙaramin kwale-kwalen robar nan na mutum ɗaya da ake zama a samansa, don in riƙa fita kamun kifi ƙarshen mako. Na yi odar sandar fatsa da ril, wato na'urar naɗe zare, masu araha ta intanet, sati uku ril ɗin ya cije, ƙugiyoyi duk suka yi ja. Abokina ya ce sai na sayi kayan da kuɗinsu ya kai albashina na wata biyu, maiɗakina kuma ta ce asarar ta isa haka. Ɗan abin da na ware bai taka kara ya karya ba. Me zan saya, me zan bari?

Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka da maiɗakinka kowa ya faɗi rabin gaskiya. Kayan ruwan daɗi ba sa jure ruwan gishiri, wannan haka yake, amma maganinsa ba albashin wata biyu ba ne. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Lagun ɗin Legas, wato babban tafkin da ke haɗe da teku, gauraye ne: da damina ruwan koguna irin su Ogun yana rinjaya gishirin ya ragu, da rani ya ƙaru. A kan kayak kuma ril yana zaune ne dab da ruwa, duk ɗigon da ya zubo daga filafili a kansa yake sauka. Ruwan ya bushe, gishirin ya tsaya cikin boris yana jawo laima, tsatsa ta kama. Ril mai tsada ma in an yi masa haka ba wanki, zai cije, illa dai ya fi daɗewa kafin ya cije. Saboda haka dabarar mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya sayi kaya kaɗan, ya zuba kuɗin inda ya kamata, ya kuma riƙa wankewa duk ranar da ya dawo.

Kafin maganar sanda, wasiƙarka ba ta ambaci rigar ruwa ba, kuma wannan ya fi damunmu fiye da ril. Mun san ɗan Yawuri zai ce ya iya iyo. Iyo a Kwara da gajeren wando daban, iyo da kaya a jiki, zare ya naɗe ƙafa, iska tana tura kayak nesa da kai fiye da saurin hannunka, wannan daban. Nemi rigar ruwa ta masu tuƙin kayak, mai faɗin hammata, wadda aka rubuta 50N ko sama da haka a jikinta. Ka saka, ka ɗaure bel, ka sa wani ya ja kafaɗunta sama. In ta taso ta kai kunnenka ta yi maka yawa. In ta hannu ce, matsa soson ciki: wanda ya taurare ko yake marmashewa ya gama aiki. Ɗaura usur a kafaɗarta, wuƙa ƙarama marar tsini a ƙirji, waya kuma cikin jakar roba mai hana ruwa a rataye a rigar, ba a cikin kayak ba, domin in kun rabu da kayak wayar kake so ta bi ka. Ajiye lambobin gaggawa na Legas, 112 da 767. Filafili ma a ɗaure shi da igiya mai tsawon mita ɗaya da rabi. Wannan kason shi za ka fara cirewa daga kuɗin, ko da zai sa ka jinkirta sayen ril wata guda. Kuma shi za ka fara nuna wa maiɗakinka. Sau da yawa abin da ake kira “asara” a gida tsoro ne ba a faɗa ba.

Duba kayak ɗin kansa tunda na hannu ne. Ramukan da ke tsakiyarsa, waɗanda ruwa ke fita ta cikinsu, a nan ya fi tsagewa. Ɗora shi a kan tayoyi biyu, zuba bokiti biyu na ruwa cikin cikinsa ta murfi, ka duƙa ka ga inda yake ɗiga. Bayan kowace fita ka buɗe toshiyar baya ka tsiyaye. In abin da ya fito ya wuce kofi ɗaya ko biyu, akwai kafa.

Sanda ɗaya ta ishe ka, kuma a nan ne za ka rage kuɗi ba tare da nadama ba. Tsawon ƙafa 7, wato mita 2.1, mai matsakaicin ƙarfi zuwa sama kaɗan, wadda aka rubuta tana jefa giram 10 zuwa 40 ko kusa da haka. Dalilin tsawon: in kifi ya bi ta ƙarƙashin kayak ya koma ɗaya gefen, kana so ka miƙa hannu ka zagaya da kan sandar ta gaban kayak ba tare da ka tashi ba. Gindinta kada ya yi tsawo, in ba haka ba zai riƙa maƙalewa a rigar ruwa. Zaɓi ta fayiba ko gaurayen fayiba da kabon, irin Ugly Stik, ka bar ta zallar kabon. Ta kabon ba nauyi, tana isar da motsin kifi sosai, amma a kayak mutum yakan ɗaga sanda tsaye cak lokacin da kifi ya zo gefe, kuma a nan take karyewa. Ta fayiba tana yafe wannan kuskure. Kafin ka biya, zura auduga cikin kowane zoben da zare ke bi. In auduga ta maƙale, zoben ya tsage, kuma zai yanke maka zare ranar da babban kifi ya kama.

Ril shi ne inda araha ba ta ado. Nemi mai lamba 4000, irin wanda yake rataye a ƙarƙashin sanda, daga kamfanin da ake samun kayan gyaransa. A ƙananan farashi akwai Penn Pursuit da Shimano Sedona. In aljihu ya ɗan ɗaga, Daiwa BG ko Penn Battle, masu gangar jikin ƙarfe. Kada yawan boris da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka. Ril ɗin da ba a san sunansa ba mai boris 13 na baƙin ƙarfe wuri 13 ne na tsatsa. Huɗu ko biyar na ƙarfe marar tsatsa sun fi su. Jabu sun yi yawa a intanet, don haka farashin da ya faɗo ƙasa da rabin na ko'ina alama ce.

Na hannu mai suna ya fi sabo marar suna, in ka iya dubawa. Juya hannunsa a hankali kusa da kunne: kada ka ji kamar yashi. Juya shi baya: ya tsaya cak, ba wasa. Kama kwarkwaron da zare ke naɗuwa a kai ka girgiza gefe da gefe, kada ya yi lilo. Ɗan ƙaramin gargaren da zare ke bi ta kansa, taɓa shi da tsinken ashana ka ga yana juyawa, domin shi ne yake fara mutuwa, kuma in ya tsaya zare zai riƙa murɗewa yana ƙullewa. Sai ka duba ƙarƙashin fenti, musamman wajen sukurori: fenti da ya kumbura da farin gari a ƙarƙashinsa alama ce gishiri ya riga ya shiga alminiyon. Wannan ka bar wa mai shi.

Zare kuma kashi biyu ne. Babban zaren ya zama saƙaƙƙe, wanda masu shago ke kira bireid, mai ƙarfin laba 20, a kwali za ka ga 20lb, kaurinsa wajen milimita 0.23. Mita 150 sun isa. Kada ka cika kwarkwaro da shi zalla: fara naɗa zaren roba na araha a ƙasa, sannan ka ƙulla saƙaƙƙen a kai, ka cika har saura kamar milimita 2 a kai baki. Wannan yana rage kuɗi, yana kuma hana saƙaƙƙen zamewa a jikin kwarkwaro, abin da kan sa mutum ya ɗauka birkin ril ɗinsa, wanda ke riƙe zare ya sake shi in ja ya yi ƙarfi, ne ya lalace. Bayan shekara ka juya zaren, na ciki ya dawo waje, ka sake samun wata shekarar.

Za a ce maka ka sayi laba 50 ko 60 don kada kifi ya tsinke. A kayak wannan haɗari ne. Ƙugiya ta maƙale a dutse ko tsohuwar raga, ruwa yana ja, kai kuma ba ka da inda za ka taka ka fizge. Zaren da ya fi ƙarfinka zai jirkita ka. Laba 20 kana iya tsinka shi: naɗa zaren a ɗan guntun ice, ba a hannu ba domin yana yanka har ƙashi, ka daidaita kayak ya fuskanci wurin, ka ja. Ban da haka, kayak kansa birki ne. Babban kifi zai ja ka ne gaba ɗaya har ya gaji.

A bakin saƙaƙƙen sai ka ƙulla zaren roba mai laba 30 zuwa 40, tsawon mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Shi ke jure gogar dutse, ɓawon kawa mai kaifi da bakin kifi, shi kuma kake kamawa da hannu in kifi ya iso. Akwai mai tsada da ake kira fulorokabon. A ruwan lagun mai duhu ba ka buƙatarsa. Ƙullin haɗa su da ya fi sauƙin yi a kan ruwa shi ne dabul yuni: ka jera bakunan biyu su haɗu kamar taƙi ɗaya, ka yi zobe da saƙaƙƙen ka naɗa shi sau 8 a kan duka biyun, ka yi haka da na robar sau 4 ko 5, ka jiƙa da yawu, ka ja su haɗe. In ba a jiƙa ba, zafin gogayya yana raunana robar tun kafin ta shiga ruwa. Ka san tsage da haƙoransa; barakuda, wata kifin teku, haka take, har ta fi. Inda take, ƙara waya mai laba 30 zuwa 40, tsawon santimita 15 zuwa 20. Inda ba ta, cire wayar, domin sauran kifaye suna gudunta.

Birkin ril ana saita shi ne kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin zare. Laba 20 kilo 9 ne, ke nan kilo 2 da ɗoriya. Ba sai ka sayi sikeli ba. Sa fiya wata 4 a leda, kowace rabin lita, kilo 2 ke nan. Zura zare ta zobban sanda, ɗaura ledar, ka ɗaga a hankali sanda tana kwance-kwance. Ka sassauta ko ka matsa murfin kwarkwaro har sai zare ya fara fita daidai lokacin da ledar za ta bar ƙasa. Ja da hannu ka ji nauyin, ka riƙe shi a ka.

Ƙugiya kada ka saya ta kwano ko ta ƙirge a tire. Sayi fakiti na kamfani irin Mustad ko VMC, waɗanda aka yi wa rufin ruwan gishiri. Don koto, ɗauki mai zagayayyen baki da tsininta ya lanƙwaso ciki, lamba 2/0 da 4/0, fakiti ɗaya-ɗaya. Sai dai tana da sharaɗi da zai yi wa hannun ɗan Kwara wuya: ba a fizga. In kifi ya ɗauka, bari zare ya miƙe, ka fara naɗawa kawai. Ƙugiyar da kanta za ta zame ta kama gefen baki. Ka fizga, ka zare ta daga bakinsa. Amfaninta a kayak babba ne, domin kifin da aka kama a gefen baki ana cire masa ƙugiya cikin daƙiƙa, ba sai an zura yatsu cikin maƙogwaro yana fafur-fafur tsakanin cinyoyinka ba. Dalma mai rami a tsakiya, giram 15, 30 da 45, biyar-biyar. Haɗin kuwa: dalma a jikin babban zare tana zamewa, ɗan dutsen ado na roba, majuyi (ɗan ƙarfen da ke juyawa don kada zare ya murɗe), zaren roba rabin mita zuwa mita, ƙugiya. Yi amfani da mafi ƙarancin dalmar da za ta taɓa ƙasa ta zauna.

Koto na gaskiya ya fi na roba araha, ya kuma fi kamu a lagun. Ɗanyen jatan lande, yankan kifin bonga ko ƙaramin kifi mai rai za su kawo maka kifayen da a Legas ake kira kuroka, sinafa, shaini nos da obokun. Saye daga masuntan ƙabilun Egun da Ilaje da sassafe yana da riba biyu: koton sabo ne, kuma gaisuwa da ciniki suna buɗe bakin mutum ya gaya maka inda ragarsa take da inda ruwa ke da mugun ja. Ka kiyaye ragoginsu da shingayen itatuwan da suke kafawa cikin ruwa, abincinsu ne. Na ƙarya kuwa iri uku sun isa: ƙarfe mai ƙyalli mai siffar cokali giram 20 zuwa 30 guda biyu, ƙugiya mai kan dalma giram 10 zuwa 20 da fakitin kifin roba fari mai tsawon santimita 8 zuwa 10, sai kifin roba mai leɓe guda ɗaya na santimita 10 zuwa 12 da za ka saki mita 25 zuwa 30 a bayanka kana tuƙi a hankali. Duk mai ƙugiya baki uku, matse ƙayar bakin da filaya ko ka canza ta da mai baki ɗaya. Baki ɗaya a bakin kifi, ɗaya a cinyarka, kai kaɗai a tsakiyar ruwa, ba labari ne mai daɗi ba.

Sauran tarkacen kusan duk a unguwa za ka haɗa su. Kiret ɗin roba a bayan kujera, a ɗaure da roba. Guntayen fayif na famfo mai faɗin milimita 50, tsawon santimita 30, a ɗaure a kusurwoyinsa da ɗaurin roba na masu wayarin, ka sami mazaunin sanda. Sanda ma a ɗaure ta da igiya, domin kayak in ya kife abin da ba a ɗaure ba ya tafi. Filaya ta alminiyon mai yankan zare, mariƙin leɓen kifi na roba, ɗan kulki, tsumma. Obokun yana da ƙaya a baya da gefe biyu, yanke su ko ka kashe shi kafin ya shigo tsakanin ƙafafunka. Kifin da ka kama sa shi a buhu jiƙaƙƙe da robobin ruwa biyu da suka daskare, kada ka rataye shi a gefen kayak. In za ka huda kayak don ɗaura wani abu, sukurori su zama masu lamba 316, wasu na rubuta A4. Masu lamba 304 suna yin ɗigon tsatsa a gishiri. Na'urar gano kifi da batirinta, manta da su bana.

Anka tana kifar da kayak fiye da igiyar ruwa, saboda ana ɗaure ta a gefe. Ruwa mai ja ya daki kayak ta gefe, igiya ta danne gefen ƙasa, shi ke nan. In dole ne, mai kilo 1.5 ta isa, igiya ninki uku na zurfin wurin ko fiye, ta fita ta hanci ko ta wutsiyar kayak kawai, ƙarshenta a ɗaure da ƙaramar jarka da ƙulli mai zarge, yadda za ka sake ta da ja ɗaya ka dawo ka ɗauka. Mafi yawan lagun ba zurfi, don haka gora mai tsawon mita biyu da rabi da za ka kafa a laka ta fi anka araha da aminci.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka ɗora kaya, je wuri marar ja da ruwa ya kai maka wuya, da wani a kusa, ka kifar da kayak da gangan. Ka juyo da shi, ka kama hannun gefe, ka bar ƙafafunka su taso baya, ka ja ciki ya hau tsakiya, ka juya ka zauna. Yi sau biyar, sannan ka yi da rigar ruwa da kiret a kai. Kada ka shiga ruwa da doguwar riga ko takalmin roba mai tsawo. Riga mai dogon hannu marar nauyi, malafa, da ruwan sha lita 2 zuwa 3.

Wurin fita kuma yana cikin lissafin araha, domin kayan da muka lissafa na lagun ne da rafuka, ba na buɗaɗɗen teku ba. Ruwa a Legas yana cika sau biyu ya janye sau biyu a yini da dare, kowanne wajen awa 6, kuma lokacin yana matsawa da kusan minti 50 kullum. Jan ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, ke nan kalandar Musulunci da ke bangon ɗakinka tana gaya maka rabin labarin. Fara tuƙi kana fuskantar jan ruwa da iska, don su taimake ka a dawowa lokacin da ka gaji. Fita da asuba ka dawo kafin azahar, iskar teku tana tashi da rana. Mashigar da manyan jirage ke bi zuwa Apapa da Tin Can ba wurin kayak ba ce, haka hanyoyin jiragen fasinja masu gudu da wajen masu haƙar yashi. Kafa tuta mai launin lemo a kan fayif mai tsawon mita ɗaya da rabi a kiret ɗinka, musamman lokacin hazon hunturu. Daga Yuni zuwa Satumba teku yana da fushi. Farko da ƙarshen damina kuma hadari kan taso farat ɗaya, in ka ga gabas ta yi baƙi nufi gaɓa. Kullum ka gaya wa maiɗakinka inda za ka shiga da ƙarfe nawa za ka fito.

Sai wanki, wanda shi zai sa ba za ka sake rubuto mana wannan wasiƙar ba. Da ka dawo, kafin ka ci abinci, matsa birkin ril ya ƙulle don kada ruwa ya shiga, ka yayyafa masa ruwan daɗi da buta a hankali. Kada ka tsoma shi a bokiti, kada ka sa masa tiyo mai ƙarfi, duka biyun tura gishiri ciki suke yi. Goge, girgiza, bar shi a inuwa ya bushe, sannan ka sassauta birkin gaba ɗaya kafin ka ajiye, in ba haka ba faifan birkin suna mannewa su riƙa fizga. Bayan fita uku ko huɗu, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a gargaren zare, ɗaya a mariƙin hannu, ɗaya a kowace gaɓar ƙarfen da ke buɗewa in za a jefa zare. Man feshin nan WD-40 ba mai ba ne a nan, in ya shiga ciki giris yake narkarwa; fesa shi a tsumma ka goge waje kawai. Ranar da ril ya nutse cikin ruwa, a ranar za a buɗe shi a wanke a sa sabon giris, ba mako mai zuwa ba. Ƙugiya ko cokalin da ya shiga ruwa kada ya koma cikin sababbi; jefa shi a wata robar daban, a gida ka wanke ka shanya. Ƙugiya ɗaya jiƙaƙƙiya ita ta mayar maka da akwati guda ja. Saboda haka ma kada ka fita da duk abin da ka mallaka, ɗebi na yini ɗaya a ƙaramar roba mai murfi, sauran su zauna a gida.

Tsohon ril ɗin kuma kada ka jefar tukuna. Kai wa mai gyaran keken ɗinki ko mai gyaran agogo ya buɗe. In boris ne kawai suka cije, a auna su a nemo irinsu, ya zama na ko-ta-kwana. In haƙoran giyar ciki sun cinye, cire zaren robar da ke kai ka yi shimfiɗar ƙasa da shi a sabon kwarkwaro.